BABI NA UKU: AMOS ALONZO STAGG DA KAFUWAR AIKIN HORAR DA 'YAN ƘWALLO A JAMI'O'IN AMURKA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin rayuwa da aikin Amos Alonzo Stagg, ɗaya daga cikin mutanen farko da suka mayar da horar da 'yan ƙwallo sana'a a jami'o'in Amurka. Za a dubi asalinsa da karatunsa, da shekara 41 da ya yi yana aiki a Jami'ar Shikago, da irin gudummawar da ya bayar wajen gyara dokokin wasa, sannan a dubi yadda aikin nasa ya ƙare. An zaɓi Stagg ne saboda rayuwarsa ta fito da wata tambaya da ta daɗe tana ci wa hukumomin jami'o'i tuwo a ƙwarya, wato ko jami'a za ta iya riƙe wasa mai kawo kuɗi da suna ba tare da karatu ya sha wuya ba. Stagg ya yi imani za ta iya, kuma ya ƙarar da rayuwarsa yana ƙoƙarin tabbatar da haka. Abin da ya faru a jami'ar da ya yi wa hidima shi ne ma'aunin da za a auna wannan imani nasa da shi.

Kafin a ci gaba, ya kamata a fayyace cewa duk inda aka ce "ƙwallo" a wannan babi, ana nufin ƙwallon ƙafar Amurka, wadda ta sha bamban da tamaular da aka saba gani a filayenmu. Ƙwallon tana da siffar ƙwai, ana rungumar ta a gudu da ita, ana jefa ta da hannu, kuma an yarda a kayar da wanda yake riƙe da ita. Haka nan, duk inda aka ce "koci" ana nufin mai horar da 'yan wasa.

3.1 Yanayin Wasan Kafin Zuwan Stagg

Masana tarihin wasanni sun ɗauki ranar 6 ga Nuwamba 1869 a matsayin ranar da aka fara gasar ƙwallo tsakanin jami'o'in Amurka, lokacin da Rutgers ta ci Princeton da 6 da 4. Wasan da aka yi a ranar ya fi kama da tamaula, amma cikin 'yan shekaru sai ɗalibai suka karkata ga dokokin ragbi da suka samo daga Ingila. Wanda ya raba wasan da ragbi shi ne Walter Camp na Jami'ar Yale. A shekarar 1880 ya kawo shawarar a rage 'yan wasa zuwa 11 a kowane ɓangare, a kuma riƙa jera su a layi suna fuskantar juna kafin a soma kowane yunƙuri. A 1882 aka ƙara dokar da ta ce dole ƙungiya ta ci yadi 5 cikin yunƙuri 3, in ba haka ba ta miƙa ƙwallo ga abokan hamayya.

Waɗannan dokoki biyu su ne suka haifar da bukatar koci. Da yake ana tsayar da wasa bayan kowane yunƙuri, ƙungiya tana da damar tsara abin da za ta yi tun kafin a taɓa ƙwallo. Ke nan wasan ya zama na dabara da tsari, kuma duk ƙungiyar da ta sami mai yi mata tunani ta fi wadda ta dogara da ƙarfin ƙirji kaɗai. Duk da haka, a wancan lokaci ɗalibai ne suke tafiyar da al'amuran wasa da kansu. Kyaftin shi ne mai faɗa a ji, tsofaffin ɗalibai kuma kan dawo su taimaka na 'yan makonni su koma harkokinsu. Hukumar jami'a ba ta da hannu sosai a ciki, balle ta ɗauki wani ma'aikaci na dindindin domin wannan aiki.

3.2 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Amos Alonzo Stagg ranar 16 ga Agusta 1862 a garin West Orange da ke jihar New Jersey, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Shi ne na biyar cikin 'ya'ya takwas, mahaifinsa kuma baduku ne mai gyaran takalma, saboda haka gidan ba na masu hali ba ne. Ya yi karatun share fage a makarantar Phillips Exeter, daga nan ya shiga Jami'ar Yale a 1884 da niyyar zama mai wa'azin addinin Kirista.

A Yale, wasan besbol ne ya fara fito da sunansa, domin ya zama gwanin jifa, kuma ƙungiyar jami'ar ta lashe gasa sau biyar da shi a ciki. Ƙungiyoyin ƙwararru sun yi masa tayin kuɗi domin ya yi musu wasa, amma ya ƙi, saboda yana ganin karɓar kuɗi a kan wasa yana ɓata tarbiyya. Wannan ra'ayi bai rabu da shi ba har mutuwarsa. A ɓangaren ƙwallo kuwa, yana cikin ƙungiyar Yale ta 1888 wadda Walter Camp ya horar, ta yi wasa 13 ta ci duka, ba tare da an ci ta ko maki ɗaya ba. A 1889 aka sanya sunansa cikin jerin farko na gwanayen 'yan ƙwallon jami'o'in Amurka baki ɗaya.

Bayan ya sami digiri a 1888, ya ci gaba da karatun addini a Yale ɗin. Sai dai ya fahimci cewa ba shi da baiwar magana a gaban jama'a, wadda ita ce jarin mai wa'azi. Saboda haka ya yanke shawarar cewa zai isar da saƙonsa ga matasa a filin wasa. Wannan shawara ta dace da wata aƙida da ta yi ƙarfi a Ingila da Amurka a wancan zamani, wadda take ganin ƙarfin jiki da juriya da ladabi a filin wasa wani ɓangare ne na kyakkyawan halin Kirista.

3.3 Zamansa a Springfield

A 1890 Stagg ya koma makarantar horar da ma'aikatan ƙungiyar YMCA da ke Springfield a jihar Massachusetts, inda ya zama ɗalibi kuma malami a ƙarƙashin Luther Gulick. A nan ne ya kafa ƙungiyar ƙwallo ta farko da ya horar, daga cikin ɗalibai 'yan ƙalilan. Ɗaya daga cikin 'yan wasansa shi ne James Naismith, wanda ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a wannan makaranta a Disamba 1891. Ranar 11 ga Maris 1892 aka yi wasan ƙwallon kwando na farko a bainar jama'a tsakanin ɗalibai da malamai. Ɗalibai suka yi nasara da 5 da 1, kuma Stagg ne ya jefa wa malamai ƙwallo ɗayar da suka ci.

Zaman Springfield gajere ne, amma ya koya wa Stagg darasi mai amfani. Da yake yaransa ba su da yawa kuma ba su da girman jiki kamar na manyan jami'o'i, dole ya nemi dabarun da za su cike wannan giɓi. Daga irin wannan tunani ne ya haɗa hannu da Henry L. Williams, abokinsa na Yale, suka wallafa littafi a kan dabarun wasan a 1893, wanda yake cikin littattafan farko da suka yi amfani da zane wajen nuna inda kowane ɗan wasa zai tsaya da inda zai nufa.

3.4 Stagg a Jami'ar Shikago

An buɗe Jami'ar Shikago a watan Oktoba 1892 da dukiyar attajirin man fetur John D. Rockefeller. Shugabanta na farko, William Rainey Harper, masanin harshen Ibrananci ne wanda ya koyar da Stagg a Yale. Harper yana son sabuwar jami'arsa ta yi suna cikin hanzari, kuma ya gane cewa jaridu sun fi ba da labarin wasa a kan labarin ɗakin karatu. Don haka ya ɗauki Stagg a matsayin shugaban sashen motsa jiki da wasanni, ya ba shi muƙamin mataimakin farfesa da albashin dala 2,500 a shekara.

Wannan naɗi yana da muhimmanci a tarihi. Ta hanyarsa ne wasanni suka fita daga hannun ɗalibai suka koma wani sashe na jami'a, koci kuma ya zama malami mai kujera ta dindindin kamar malamin lissafi ko na tarihi. Daga baya jami'o'i da dama suka kwaikwayi wannan tsari. A shekarar farko, saboda ƙarancin ɗalibai, Stagg da kansa ya riƙa shiga fili yana wasa tare da yaran da yake horarwa. A 1894 ya auri Stella Robertson, ɗaliba a jami'ar, wadda ta zama abokiyar aikinsa, domin ita ce ta riƙa zama a cikin 'yan kallo tana rubuta yadda kowane yunƙuri ya gudana. A ƙarshen wannan shekara ya ɗauki ƙungiyarsa a jirgin ƙasa zuwa Kalifoniya, inda ta ci Stanford da 24 da 4 ranar Kirsimeti, sannan Stanford ta rama da 12 da 0 bayan 'yan kwanaki. Tafiya mai nisa irin wannan sabon abu ce a lokacin, kuma ta sa sunan jami'a mai shekara biyu da kafuwa ya shiga jaridun ƙasar.

A 1896 Shikago ta shiga cikin jami'o'i bakwai da suka kafa ƙungiyar gasa ta yankin yamma ta tsakiya, wadda daga baya aka san ta da suna Big Ten. Sauran su ne Illinois da Mishigan da Minnesota da Northwestern da Purdue da Wisconsin. A ƙarƙashin Stagg, Shikago ta lashe wannan gasa sau bakwai: 1899, 1905, 1907, 1908, 1913, 1922 da 1924. Ana kuma lissafa ƙungiyoyinsa na 1905 da 1913 a matsayin zakarun ƙasa. A 1913 aka sauya wa filin wasan jami'ar suna daga Marshall Field zuwa Stagg Field domin girmama shi.

Dangane da dabaru, ana danganta masa abubuwa da yawa. Daga ciki akwai buhun da ake ratayewa domin 'yan wasa su koyi kayar da mutum ba tare da sun ji wa juna ciwo ba, da barin ɗan wasa ɗaya ya soma gudu a bayan layi kafin a taɓa ƙwallo, da sauya wurin tsayuwa farat ɗaya domin ruɗa abokan hamayya, da ba gwanayen 'yan wasa harafin jami'a su liƙa a riga. Har ila yau, ya horar da 'yan besbol da 'yan tsere, kuma yana cikin masu horar da 'yan tseren Amurka a gasar Olamfik ta 1924 a birnin Faris.

3.5 Shekarar 1905: Nasara da Rikici

Babu shekarar da ta kai 1905 muhimmanci a aikin Stagg. Babbar abokiyar hamayyar Shikago ita ce Mishigan, wadda Fielding Yost yake horarwa tun 1901, kuma ta yi wasa 56 a jere ba a doke ta ba. Ranar 30 ga Nuwamba 1905 ƙungiyoyin biyu suka haɗu a Shikago a gaban 'yan kallo fiye da 25,000. Aka yi ta fafatawa babu ci, har sai da Walter Eckersall na Shikago ya buga ƙwallo ta faɗa bayan layin gidan Mishigan. Wani ɗan wasan Mishigan mai suna Denny Clark ya ɗauka ya yi ƙoƙarin fitowa da ita, amma aka tura shi baya aka kayar a cikin gidansu, wanda a doka maki biyu ne ga Shikago. Da wannan maki 2 da 0 aka tashi.

Amma a daidai wannan lokaci wasan yana cikin tsaka mai wuya. Salon da ake yayi shi ne 'yan wasa su dunƙule wuri ɗaya su afka wa mutum guda, ga shi kuwa kayan kariya ba su taka kara sun karya ba. Jaridar Chicago Tribune ta ƙirga mutum 18 da suka mutu a filayen ƙwallo a wannan shekara. A watan Oktoba Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadarsa ya nemi a gyara. Bayan mutuwar Harold Moore na Kwalejin Union a Nuwamba, shugaban Jami'ar New York, Henry MacCracken, ya kira taron jami'o'i, wanda ya kai ga kafa hukumar da aka sauya wa suna zuwa NCAA a 1910. Wasu jami'o'in ba su jira gyara ba: Columbia ta soke wasan, Stanford da Jami'ar Kalifoniya kuma suka koma ragbi.

Stagg yana cikin kwamitin dokoki tun 1904, saboda haka da shi aka yi gyaran 1906. An halatta jefa ƙwallo gaba, an ƙara tazarar da za a ci daga yadi 5 zuwa 10, an bar fili tsakanin layukan biyu, an kuma rage tsawon wasa daga minti 70 zuwa 60. Manufar ita ce a warwatsa 'yan wasa a fili domin a rage karo. Yayin da wasu masu horarwa suka yi wa dokar jifa kallon raini, Stagg ya rungume ta ya gina dabaru a kanta, kuma nasarorinsa na 1907 da 1908 sun biyo bayan wannan.

Bugu da ƙari, a farkon 1906 jami'o'in yankin suka yi nasu taron a kan kiran James B. Angell, shugaban Jami'ar Mishigan. Suka rage wasannin shekara zuwa biyar, suka hana ɗaliban ajin farko shiga gasa, suka taƙaita shekarun wasa zuwa uku, suka kuma amince cewa koci ya zama cikakken ma'aikacin jami'a. Wannan sharaɗi na ƙarshe bai taɓa Stagg ba, tunda shi malami ne tun asali, amma ya shafi Yost. Mishigan ta fice daga ƙungiyar, ba ta dawo ba sai 1917.

3.6 Tsakanin Aƙida da Aiki

A idon jama'a, Stagg shi ne misalin koci mai tsabta. Ba ya shan giya, ba ya shan taba, ba ya ashar, kuma idan ransa ya ɓaci iyakar zaginsa shi ne ya kira yaro jaki. Ya yi ta sukar ƙwallon ƙwararru da ta kunno kai a shekarun 1920, yana ganin tana lalata matasa. A 1927 ya wallafa tarihin rayuwarsa mai suna Touchdown!, inda ya nuna wasa a matsayin makarantar tarbiyya.

Sai dai binciken masana ya nuna cewa al'amarin bai tsaya nan ba. Tun a Nuwamba 1905, ɗan jarida Edward S. Jordan ya rubuta jerin maƙaloli a mujallar Collier's yana zargin jami'o'in yankin, har da Shikago, da jawo 'yan wasa ta hanyar yi musu alfarma. A 1995 masanin tarihi Robin Lester ya wallafa littafi mai suna Stagg's University, wanda ya gina a kan takardun jami'ar. Lester ya nuna cewa an riƙa sassauta wa gwanayen 'yan wasa a harkar karatu muddin ana bukatar su a fili. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Eckersall, gwarzon 1905, wanda ya yi wa jami'ar wasa shekara huɗu alhali karatunsa yana baya ƙwarai, kuma da wa'adin wasansa ya ƙare a 1906 aka sallame shi ba tare da digiri ba. Haka kuma, gasar tsere da ta ƙwallon kwando da Stagg ya riƙa shirya wa makarantun sakandare a harabar jami'ar sun zama hanyar ganin yara masu hazaƙa da kwaɗaita musu zuwa Shikago.

Wannan nazari yana ganin cewa bai dace a kira Stagg munafuki ba, domin babu shakka ya yi imani da abin da yake faɗa, kuma ya rayu a kai. Matsalar tana cikin tsarin da shi da Harper suka kafa. Sashensa yana cin abinci ne daga kuɗin ƙofa, kuɗin ƙofa yana bin nasara, nasara kuma tana bin gwanayen 'yan wasa, ko suna karatu ko ba sa yi. Masu iya magana suna cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Jami'ar da ta mayar da wasa hanyar talla ta riga ta amince da abin da zai biyo baya, ko da kuwa wanda ta damƙa wa aikin mutumin kirki ne.

3.7 Koma-baya da Ritaya

Gasar 1924 ita ce ta ƙarshe da Stagg ya lashe. A wannan shekara ne yaransa suka yi kunnen doki 21 da 21 da Illinois, duk da bajintar shahararren ɗan wasanta Red Grange. Daga nan al'amura suka soma ja da baya, kuma ana iya kawo dalilai huɗu.

Na farko, jami'o'in gwamnatocin jihohi sun bunƙasa, ɗalibansu sun ninka na Shikago, kuɗin makarantarsu kuma bai kai nata ba. Sun gina manyan filaye, kamar na Ohio a 1922 da na Mishigan a 1927. Na biyu, da yawa daga cikinsu sun buɗe kwas na ilmin motsa jiki wanda 'yan wasa kan fake da shi, Shikago kuwa ba ta da irinsa. Na uku, 'yan kallon birnin sun sami wasu wuraren zuwa, domin ƙungiyar ƙwararru ta George Halas ta koma Shikago a 1921 ta zama Chicago Bears a 1922, ga kuma Notre Dame ta Knute Rockne tana jan jama'a. Na huɗu, jami'ar kanta ta ƙara tsananta sharuɗɗan karatu. A 1929 aka naɗa Robert Maynard Hutchins shugaba yana ɗan shekara 30, kuma a 1931 aka shigo da sabon tsarin karatu mai manyan jarrabawa, wanda bai bar wa ɗalibi lokacin atisaye mai yawa ba.

Da Stagg ya cika shekara 70 a 1932, dokar ritaya ta hau kansa. An yi masa tayin wani muƙami na girmamawa, ya ƙi, domin shi a fili yake son zama. Clark Shaughnessy ya gaje shi. Duk da cewa Jay Berwanger na Shikago ne ya fara karɓar kyautar da daga baya aka sa wa suna Heisman, a 1935, ƙungiyar ba ta farfaɗo ba. A Disamba 1938 Hutchins ya rubuta maƙala a mujallar Saturday Evening Post yana sukar yadda kuɗin ƙofa ya mamaye wasannin jami'a. A 1939 Mishigan ta lallasa Shikago da 85 da 0, kocin Mishigan a ranar kuwa shi ne Fritz Crisler, tsohon ɗan wasan Stagg. A Disamba 1939 hukumar jami'ar ta soke ƙwallo, a 1946 kuma ta fice daga Big Ten. Filin da ke ɗauke da sunan Stagg ya shiga tarihi ta wata fuska dabam, domin a ƙarƙashin rumfar 'yan kallonsa ta yamma ne Enrico Fermi da abokan aikinsa suka yi nasarar tayar da makamashin nukiliya mai ci da kansa a karon farko, ranar 2 ga Disamba 1942.

3.8 Rayuwarsa Bayan Shikago

A 1933 Stagg ya koma Kwalejin Pacific da ke Stockton a Kalifoniya, ƙaramar makaranta wadda ba ta da suna a wasa, ya yi shekara 14 a can. A 1938 ya kawo yaransa Stagg Field suka ci Shikago da 32 da 0. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya sami ƙarin 'yan wasa daga matasan da rundunar ruwa ta turo kwalejin domin horo, ƙungiyar ta ci wasa 7 ta faɗi 2, aka kuma zaɓe shi gwarzon koci na shekara yana da shekara 81.

Daga 1947 zuwa 1952 ya yi aiki tare da ɗansa, Amos ƙarami, a Jami'ar Susquehanna da ke Pennsylvania. Bayan haka ya koma Stockton saboda rashin lafiyar matarsa, ya ci gaba da koya wa yaran wata ƙaramar kwaleji bugun ƙwallo har ya haura shekara 95. Hukumar NCAA ta lissafa masa nasara 314 da faɗuwa 199 da kunnen doki 35, ban da wasannin Susquehanna waɗanda ta sanya a sunan ɗansa. A 1981 Paul Bryant na Jami'ar Alabama ya wuce wannan adadi na nasara. An sanya Stagg cikin zauren gwarazan ƙwallon jami'a a 1951, a matsayin ɗan wasa da kuma koci, sannan cikin rukunin farko na zauren gwarazan ƙwallon kwando a 1959. Stella ta rasu a 1964, shi kuma ya rasu ranar 17 ga Maris 1965 a Stockton yana da shekara 102.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda ɗan baduku daga New Jersey, wanda ya so zama mai wa'azi, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashin aikin koci a Amurka. An nuna cewa gudummawarsa ta kasu gida uku: shigar da wasanni cikin tsarin mulkin jami'a, da ƙirƙiro dabarun wasa, da sa hannu a gyaran dokokin da suka ceto wasan bayan rikicin 1905. An kuma nuna cewa tsarin da ya taimaka aka gina, na dogaro da 'yan kallo da kuɗin ƙofa, ya girma har ya fi ƙarfin jami'ar da ta fara shi.

Dangane da tambayar da aka yi a gabatarwa, tarihin Shikago ya nuna cewa jami'ar ta riƙe karatu da babbar ƙwallo tare ne a lokacin da take sassauta wa 'yan wasa, da ta daina sassautawa kuwa sai nasara ta ƙaurace mata. A 1969 jami'ar ta dawo da ƙwallo, amma a ƙaramin mataki, kuma daga baya ta shiga rukuni na uku na NCAA, inda ba a ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa. Wasan ƙarshe na fitar da zakaran wannan rukuni, wanda aka soma a 1973, sunan Stagg aka sa masa. Ke nan sunansa ya zauna a matakin da ya fi dacewa da abin da ya yi ta wa'azi a kai, duk da cewa shahararsa a babban mataki ya same ta. A babi na gaba za a dubi yadda sauran masu horarwa na zamaninsa, musamman Fielding Yost da Glenn Warner da Knute Rockne, suka fuskanci wannan matsala a jami'o'insu.